Kundin aikin ganin gidan Kawu daga nesa, Mabera, Sakkwato

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Abin da Kawu yake so ba shi da yawa a baki. In yana Illela ko Legas kan harkar albasa, ya buɗe waya ya ga ƙofar gida da gareji da sito, ya kuma iya leƙa lissafin da yaron shago ke shigarwa a kwamfutar falonsa. Kyamarori huɗu suna nan tun bara tare da rikodarsu. Manhajar da aka sa masa a waya lokacin haɗa su ta daina buɗewa, wanda ya haɗa kuma ya bar gari. Ko da tana aiki ma, hoto kaɗai take nunawa, ba ta kai mutum ga kwamfuta.

Ga yadda na tarar da gidan. Modem ɗin 4G ne mai layi a ciki, an ɗora shi kan tagar falo domin nan ne sabis ya fi ƙarfi, adireshinsa 192.168.8.1. Daga jikinsa an ja kebul zuwa wata rawuta a baranda don Wi-Fi ya kai sashen Hajiya, ita kuma tana kan 192.168.0.1. Rikoda da kwamfuta duk a jikin ta barandar suke.

Tsarin da na zo da shi shi ne wanda duk mai wannan sana'a ya sani. Adireshin IP da kamfanin layi ke ba gida ba ya zama wuri ɗaya, ana kashe modem a kunna sai ya sauya. DDNS ake yi wa wannan. Ka yi rajistar suna, wata 'yar manhaja ta riƙa sanar da masu sunan duk lokacin da adireshi ya canza, kai kuma sunan kawai za ka riƙe a ka. Na buɗe na kyauta a No-IP, mai ƙarewa da ddns.net. Sharaɗinsu shi ne ka tabbatar kana buƙatarsa duk kwana 30, in ba haka ba su janye.

Na ɗaure rikoda a kan 192.168.0.50 don kada ta riƙa yawo, sannan na tura mata ƙofofi uku a rawuta, wato lambobin da saƙo daga waje ke shigowa ta cikinsu: 80 ta shafinta, 8000 ta manhajar waya, 554 ta bidiyo. Magariba ta yi, na bar gwaji sai gobe.

Lahadi, 12 ga Janairu

Shafin rawuta ya nuna rajistar suna ta yi nasara, har da koren rubutu. A cikin gida, kan Wi-Fi, na sa adireshin rikoda hoto ya fito tar. Wannan ba gwaji ba ne, tunda ban fita daga gidan ba. Gwajin gaskiya shi ne a kashe Wi-Fi na waya a koma data. Da na yi haka, da'irar nan ta yi ta juyawa har ta gaji.

Na buɗe kwamfuta na rubuta nslookup da sunan, wato umarnin da ke nuna adireshin da ke bayan suna. Amsar da ta dawo: 192.168.8.100. To nan ne gizo ke saƙa. Wannan adireshin cikin gida ne, wanda modem ya ba rawutar baranda. Ita a saninta shi ne adireshinta na waje, shi ta kai wa No-IP, su kuma suka rubuta abin da aka ba su. Duk adireshin da ya fara da 192.168, ko 10, ko 172.16 zuwa 172.31, ba ya tafiya a intanet. Gidaje miliyoyi suna da irinsa a lokaci guda.

Wato NAT biyu ne a jere (NAT shi ne ɓoye na'urorin ciki bayan adireshi ɗaya na waje), modem yana ɓoye rawuta, rawuta tana ɓoye rikoda. Ana iya tura ƙofa a kowanne, amma ban ga dalilin ɗaukar wannan wahala ba. Na kashe DHCP, wato aikin raba adireshi, na rawutar baranda, na cire kebul daga raminta na WAN na mayar da shi ramin LAN, ta koma mai watsa Wi-Fi kawai. Yanzu modem ne kaɗai ke raba adireshi, kowa yana kan 192.168.8, rikoda ta koma 192.168.8.50, ƙofofin uku kuma na sake tura su a modem. Aikin sanar da No-IP na ɗauke shi daga rawuta na ba manhajarsu ta kwamfuta, domin ita tana bari uwar garkensu ta ga adireshin da saƙo ya fito da shi.

Laraba, 15 ga Janairu

Yanzu nslookup yana dawo da adireshi mai farawa da 102, cikin waɗanda aka ware wa Afirka. Na duba a ifconfig.me, shi ne dai. DDNS yana aikinsa babu ƙorafi. Amma canyouseeme.org ya ce ƙofa ta 8000 a rufe take, haka 80, haka 554. Na kashe katangar tsaro ta modem na ɗan lokaci, ba abin da ya canza. Na sauya lambar ƙofar waje zuwa 18000 ko kamfani ne ke toshe sanannun lambobi, shiru.

Sai na shiga shafin bayanan modem, wurin da yake rubuta adireshin da kamfanin layi ya ba shi. Yana farawa da 100, lamba ta biyu kuma tamanin da wani abu. Waje ana ganinmu da 102, modem kuma yana riƙe da 100. Lambobi biyu ne daban, kuma wannan bambanci shi ne duk labarin. Na tabbatar da tracert -d 8.8.8.8: zango na farko modem ne, na gaba adireshin ciki ne masu farawa da 10, sai can gaba adireshin duniya ya bayyana.

Sunan abin CGNAT. Akwai NAT na uku a can cikin kayan kamfanin, wanda hannuna ba ya kai gare shi. Asalinsa ƙarancin adireshi ne. IPv4 lamba ce mai bit 32, duka-duka adireshi 4,294,967,296, ba su kai yawan mutanen duniya ba balle wayoyinsu. A watan Fabrairun 2011 IANA, hukumar da ke riƙe da adireshin intanet na duniya, ta raba ragowar manyan rukunan da ke hannunta ga hukumomin yankuna biyar, ciki har da AFRINIC da ke Morishiyas, wadda ke raba wa Afirka. A 2012 aka fitar da takardar ƙa'idar intanet mai lamba RFC 6598, aka keɓe 100.64.0.0 zuwa 100.127.255.255 musamman don kamfanoni su riƙa ba kwastomominsu a ciki, sannan su haɗa mutane da yawa su fitar da su ta adireshin duniya guda. A Najeriya layukan da ke hawa intanet sun haura miliyan 100. Babu yadda za a yi kowane layi ya samu nasa.

Da Kawu ya tambaye ni inda aka tsaya, ga yadda na faɗa masa. Gidan haya ne mai ɗaki ɗari da zaure ɗaya. In ɗan haya ya aiki yaro waje, mai gadi ya ga fitarsa, in ya dawo ya san ɗakin da zai nufa. Amma baƙon da ya zo da lambar gidan kawai, mai gadi bai san wa yake nema ba, kuma ba a ba shi umarnin shigar da kowa ba. DDNS ya kawo baƙo har zaure daidai. Tura ƙofar da na yi a modem, ƙofar ɗakinmu na buɗe, alhali a zaure aka tsare shi.

Ya ce, "To a yi ma mai gadin magana mana." Na ce zan gwada.

Duk mai shirin wannan aiki da layin waya, kafin ya buɗe rajistar DDNS, ya fara kwatanta lambobin nan biyu, ta shafin modem da ta ifconfig.me. Minti biyu ne. In ba su zo ɗaya ba, babu saitin da zai taɓa a gida ya buɗe masa hanya. Mafi yawan bayanan da ke yawo kan tura ƙofa an rubuta su ne don gidajen da intanet ke shigo musu ta kebul da adireshin duniya a kan rawutarsu, shi ya sa ba sa fara da wannan tambaya.

Litinin, 20 ga Janairu

Na je ofishin kamfanin layin. Wadda ke kan teburin farko ta ɗauka data ce ta ƙare, ta ce in danna lambar duba saura. Da na nuna mata shafin modem ta kira wani daga ciki, shi kam ya gane. Bayaninsa: adireshin kanka ana bayarwa, amma a tsarin kamfanoni da ma'aikatu ne, da APN (saitin da layi ke hawa intanet da shi) na musamman da takardun rajistar kasuwanci da kuɗin wata. Ya karɓi bayanina ya ce za a kira. Kuɗin da ya ambata ba na gida ba ne.

Na gwada layin wani kamfani a modem ɗin, shi adireshi mai farawa da 10 ya bayar, wato duk kanwar ja ce. Na shiga test-ipv6.com da layukan biyu, babu IPv6, sabon tsarin adireshi mai yalwa, a kowanne. Da akwai shi da magana ta sauya, domin a can kowace na'ura tana iya samun adireshin duniya nata.

Ɗan Kawu ya kawo shawarar Starlink, tunda akwai masu shi a Arkilla da Gawon Nama. Ya shigo Najeriya a Janairun 2023, kuma gudunsa ba a magana. Sai dai tsarinsa na gida shi ma CGNAT ne a IPv4, IPv6 yake bayarwa, ita kuma wayar Kawu in tana kan layin da ba shi da IPv6 ba za ta kai can ba. A sayi faranti don wannan matsala kaɗai, ba a yi komai ba.

Yau kuma hukumar sadarwa ta NCC ta sanar da amincewa da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Wannan zai shafi lissafin kallon bidiyo.

Asabar, 25 ga Janairu

Ba a kira ba, ni ma na daina jira. Da na zauna na sake duba tsarin tun daga tushe, sai na ga ko an ba mu adireshin ba zan so in yi amfani da shi yadda na fara ba.

Ƙofar da aka buɗe wa Kawu an buɗe ta ne ga duk duniya. Akwai na'urori da ba su da aiki dare da rana sai bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasa ƙofofi, kuma shafi irin Shodan yana jera abin da aka samu a buɗe. A 2016 manhajar ɓarna mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rikodoji da rawutoci, ba da wata gwaninta ba, da jerin kalmomin sirri kusan 60 na masana'anta da masu kayan ba su canza ba. Ranar 21 ga Oktoban shekarar aka juya su kan kamfanin Dyn, Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka ƙi buɗuwa a sassan Amurka da Turai. Dyn ɗin nan shi ne mai DynDNS, wanda ya yi suna da DDNS na kyauta kafin ya rufe shi a 2014.

Rikodar Kawu kalmar sirrinta ita ce wadda mai haɗawa ya sa, kuma na tabbata ita ce ya sa wa duk gidan da ya yi wa aiki a garin nan. Manhajar cikinta ba a taɓa sabunta ta ba.

Hajiya ce ta kawo abin da ya fi wannan nauyi. Ina kan tsani ina goge ƙurar hunturu daga gilashin kyamarar gareji ta ce, "Ɗana, wagga tana ganin tsakar gida?" Na duba, gefen hoton yana ɗauko wurin wanki da ƙofar madafa. Ta ce ita ba ta yarda a riƙa ganinta da 'yan matanta a wayar kowa ba, ko ta maigidan ce, tunda waya hannu-hannu take yi a kasuwa. Gaskiyarta. Na karkatar da kyamarar, ragowar gefen kuma na rufe shi da baƙin akwati a saitin rikoda. A gida irin namu wannan ba ƙaramin sashe na aikin ba ne, kuma ba za ka same shi a littafin na'ura ba.

Abin da na yi yau: na goge ƙofofin uku daga modem, na kashe UPnP, wanda ke bari na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa, a modem da rikoda, na canza kalmar sirrin rikoda da ta modem da ta Wi-Fi, na buɗe wa Kawu asusu na kallo kawai wanda ba ya iya goge komai.

Hanyar da ta rage ita ce gida ya riƙa fita da kansa. CGNAT ba ya hana fita, shigowa yake hanawa. In wata na'ura a cikin gida ta buɗe hanya zuwa waje ta riƙe ta, amsa za ta riƙa biyo ta. Zaɓi biyu nake dubawa. Ko in yi hayar ƙaramar uwar garke mai adireshin duniya in sa WireGuard, manhajar da ke buɗe rufaffiyar hanya tsakanin na'urori, gida da waya su haɗu a can. Ko Tailscale, wanda shi ma WireGuard ne a ƙasa amma su ke haɗa na'urorin, kuma kyauta ne ga amfanin gida. Na farko ya fi ba ni iko, sai dai biyansa da dala ne duk wata, katin naira kuma a farkon 2025 ɗin nan ba ya wucewa a irin waɗannan wurare. Zan fara da na biyu.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Rikoda ba ta karɓar Tailscale, modem ma haka. Ana buƙatar na'ura ta uku da za ta zauna a kunne ta zama mashiga. Na samo Raspberry Pi 4, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, wurin wani aboki da ya yi aikin kammala karatu da ita a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wutar da take ci ba ta kai ta ƙwan fitila ba, volt 5 ta ramin USB-C. Na haɗa ta da modem ta kebul, ban yarda da Wi-Fi ba a wannan matsayi.

Matakan: na sa net.ipv4.ip_forward=1 don ta yarda ta wuce da saƙon wasu, sannan sudo tailscale up --advertise-routes=192.168.8.0/24. Bayan haka dole a shiga shafin gudanarwa a amince da hanyar, in ba haka ba na'urar za ta nuna tana kan layi amma babu abin da zai wuce ta cikinta. A shafin dai na kashe ƙarewar mabuɗin Pi, domin a ƙa'idarsu yana mutuwa bayan kwana 180, kuma ba na so ya mutu ranar da ba ni gari. Asusun na Google ɗin Kawu ne, na kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu.

Abin dariya, adireshin da Tailscale ke ba na'urori daga rukunin 100.64 ɗin nan yake ɗebowa, wanda ya tsare mu a baya. A nan ba su yi karo ba, tunda Pi ba ta ganin adireshin wajen modem.

Na hau babur zuwa Runjin Sambo, na kunna data, na sa 192.168.8.50 a manhajar kallo. Ƙofar gida ta fito, almajirai biyu zaune a dakali. Babu ƙofa ko ɗaya a buɗe, babu sunan DDNS a cikin lissafin.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Kawu ya kira daga Legas bayan la'asar.

"Kai, wanga abu naka ya tsaya. Jiya ina ganin gida, yau babu."

"Kawu, kuna kan datarku ko Wi-Fi na wani?"

"Na maimasaukina, 'yar ƙaramar nan ta aljihu."

"Ku kashe Wi-Fi ku koma layinku, ku sake dubawa."

Ya yi shiru, can ya ce, "To ga shi ya taho. Mi ya hana shi ɗazu?"

Abin da ya hana shi: MiFi ɗin maimasaukin ita ma 192.168.8 take rabawa, kamar yawancin irinta. Waya ta ga adireshin rikoda ta ɗauka a nan kusa yake, ta nema a ɗakin da take a Legas. Maganinsa a ba gidan Mabera rukunin da ba kowa ke amfani da shi ba. Da yamma na je na mayar da modem 192.168.73.1, rikoda 192.168.73.50, na sake sanar da sabuwar hanya a Tailscale na amince da ita. Wannan aiki ne da ba a yi daga nesa, domin kana canza lambar modem ka yanke igiyar da kake riƙe da ita.

Saƙon No-IP na tabbatar da suna ya shigo cikin makon nan. Na bar shi ya wuce, na cire manhajarsu daga kwamfuta.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ƙorafin wannan mako: hoto yana tsayawa, musamman bayan isha'i. Mutum ya ɗaga ƙafa a ƙofar gida sai ya daskare, can ka gan shi ya riga ya shige.

Dalili biyu na samu. Na farko, tailscale ping daga wayata zuwa Pi yana nuna saƙo na bi ta DERP, wato tashar tsakiya ta kamfanin, ba kai tsaye ba. A ƙa'ida Tailscale yana ƙoƙarin huda NAT na ɓangarorin biyu su haɗu kai tsaye, in ya kasa sai ya bi da su ta tasharsa. Da tailscale netcheck na ga layin MappingVariesByDestIP yana cewa true, ma'ana NAT ɗin kamfanin yana sauya lambar ƙofa ga kowane wurin da aka nufa. In gida da waya duk suna bayan irin wannan, hudawa tana wuya. Tashar da aka zaɓa mana ta Johannesbag ce. Wato hoton ƙofar gida a Mabera yana zuwa Afirka ta Kudu kafin ya dawo wayar da ke Tudun Wada. A rufe yake da mabuɗi duk tsawon hanyar, su ma ba sa ganin abin da ke ciki, amma nisa nisa ne.

Na biyu ya fi sauƙin gyara, kuma shi ya fi tasiri. Manhajar tana jawo babban hoto, wanda rikoda ke adanawa, kusan megabit 2 a daƙiƙa ga kowace kyamara. A lissafa: megabit 2 sau daƙiƙa 3,600 ya ba da megabit 7,200, a raba da 8, megabayit 900 ke nan a awa. Kyamara huɗu a allo ɗaya, gigabayit 3.6 a awa. Kuma sau biyu ake biya, layin gida yana turawa, layin waya yana karɓa. Ga shi ƙarfin turawa na 4G ya fi na saukewa rauni, da dare kuma unguwa duka tana kan eriya ɗaya.

Kowace rikoda tana da ƙaramin hoto na biyu don irin wannan. Na saita shi a kilobit 512, firam 12 a daƙiƙa, abin da ya kama kusan megabayit 230 a awa ga kyamara ɗaya. Na sa manhajar ta riƙa buɗewa da shi, sai in mutum yana son ya ga fuska ya danna babban. Rikoda tana ci gaba da adana babban a faifanta, ba a rasa komai ba. Tsayawar ta ragu ƙwarai. Na kuma roƙi Kawu ya daina barin allon a buɗe yana hira da mutane, sabon farashin data ya fara aiki.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yanzu matsalar ta bar intanet ta koma wuta. In an ɗauke, inbata tana karɓa, amma ɗan tsakanin nan na ƙiftawar ido ya isa ya sa modem da Pi su sake tashi. In batir ya yi ƙasa da asuba kuma komai mutuwa yake sai rana ta hau kan sola.

Abubuwa uku suka fito daga nan. Modem wani lokaci yana tashi ya nuna sabis amma bai ɗauki data ba, sai an kashe an kunna. Pi 4 ba ta da agogo mai batir, in ta tashi tana ɗauka lokacin da ta mutu ne har sai ta samu intanet ta gyara, kuma katin ƙwaƙwalwarta ba ya son yankewar wuta tana cikin rubutu. Na uku Kawu ne ya gano shi: ya ce hoton jiya yana ɗauke da kwanan watan da ba a haifi ƙaramin ɗansa ba. Batirin CR2032 na cikin rikoda ya mutu, duk tashi sai agogonta ya koma farko. Hoton da kwanan watansa ba daidai ba, ranar da aka yi sata aka je gaban hukuma, rabin amfaninsa ya tafi. Na sa sabon batir, na kunna NTP, mai gyara agogo ta intanet, a kan pool.ntp.org, yankin lokaci GMT+1.

Na sayo ƙaramin UPS na DC, wato batirin riƙe wuta, a Emir Yahaya, irin mai ramin volt 12 da 9 da USB. Modem da Pi suna kansa yanzu, ba sa jin sauyin wuta. Rikoda da kyamarori sun fi ƙarfinsa, suna nan kan inbata. Amfanin wannan rabo shi ne in Pi tana amsawa rikoda ba ta amsawa, na san wuta ce, ba sai na taso daga gida ba. Ga modem mai tashi babu data kuma, na kunna masa sake tashi da kansa kullum ƙarfe 4 na dare, akwai wurin a saitinsa.

Asabar, 1 ga Maris

Yau ɗaya ga Ramadan, kamar yadda fadar Sarkin Musulmi ta sanar jiya da dare. Ban taɓa komai a gidan ba, daga ɗakina na shiga Pi na rubuta vcgencmd measure_temp. Da azahar tana haura 70. A 80 take fara rage gudu don kare kanta, kuma zafin Sakkwato bai ma fara ba, Afrilu da Mayu suna gaba, lokacin da inuwa kanta ke wuce 40. Tana cikin rufaffen akwatin roba a kan taga, rana na dukanta ta gilashi. Dole ta sauka daga nan.

Asabar, 8 ga Maris

Na sauke Pi daga taga zuwa ƙasan teburin falo da kebul mai tsawo, na sauya mata akwatin ƙarfe mai shan zafi. Modem ya zauna a tagar saboda sabis, na dai sa masa kwali ta gefen rana. Rikoda na buɗe ta na hure ƙurar da ta toshe fankarta. Da azahar yau Pi tana wajen 58.

Maganar lissafi ita ce ba ta kammala ba. Kwamfutar falo Windows Home ce, ba ta karɓar shiga daga nesa ta RDP, kuma yawancin yini a kashe take. Na sa Samba, manhajar raba fayil tsakanin na'urori, a kan Pi na buɗe jaka guda, yaron shago zai riƙa ajiye fayil ɗin Excel a ciki in ya gama, Kawu ya buɗe ta waya a matsayin mai karantawa kawai. Na gwada da wayata ya buɗe. Saura a ga ko yaron zai riƙa tunawa, sannan in sa kwafi na biyu a filashi, domin katin Pi ba wurin ajiyar lissafin kasuwa ba ne.

Sauran abin da ke gabana: Kawu yana son a haɗa sitonsa na kasuwar Kara, wanda zai buƙaci nasa layin da tasa na'urar da rukunin adireshi daban, na riga na ware masa 192.168.74. Ɗansa yana son a sa shi a ciki, Hajiya ta ce a bari tukuna, don haka an bari. In tsayawar hoto ta dawo da dare, zan koma kan hayar uwar garke, in nemi wadda take Legas don hanya ta gajarta, wadda kuma ake biya da naira. Duk farkon wata zan riƙa duba test-ipv6.com da layin gidan.

Kawu zai tafi Umara a goman ƙarshe. Kafin nan zan karɓi wayarsa in cire Tailscale daga jerin manhajojin da Android ke kashewa don tattalin batir, in kuma rubuta masa matakai uku a takarda ya sa cikin jakar fasfo.